Mayyar kati, mayyar fim, da tsohuwar layin mu

Ran wata Asabar cikin watan Oktoba na dawo daga Sabon Gari da la'asar sakaliya, sai na tarar tsakar gidan mu a Ƙofar Galadima ya koma kamar shagon tela ana gobe Sallah. Ƙanwa ta ce ta baje tabarma, ta zube kwalaye baƙaƙe da masu ruwan goro, ga almakashi, ga reza, ga gam, ga zaren ulu, ga busassun ganyen mangwaro da ta danne a cikin tsohon littafin lissafi har su ka miƙe. Katin gaisuwa ta ke yi da hannu. Shekara biyu kenan ta na wannan sana'a, ta yi na biki, ta yi na suna, ta yi na murnar gama makaranta, ta ɗauki hoton su ta yi talla a waya. Da kuɗin ta ke sayen littattafan ta, ba ta roƙon kowa.

Wannan karon wasu ɗalibai ne a Samaru su ka ba ta aikin kati ashirin, wai za su yi ɗan shagalin Halowin ran 31 ga wata, irin yadda su ke gani a finafinan Amurka. Gaskiya yarinyar ta iya. Ta sassaƙa tambarin jemage a jikin tsohon silifa, ta na dangwala shi a fenti ta na bugawa. Ta saƙa yanar gizo-gizo da farin zare a kusurwa. Wata kuwa da takardar azurfa ta cikin kwalin shayi ta yi shi. Ga kabewa mai haƙora, ga baƙar kyanwa ta gantsare. A wasu katunan ta tsaga tsakiya ta ninke ta yadda in ka buɗe, sai wani abu ya zaburo ya miƙe tsaye. Ina ta yabawa, har ta miƙo mani wanda ta fi ji da shi.

"Yaya, duba wannan. Ba kai ke cewa kullum a daina kwafar na Turawa ba? To ga tamu ta gida."

Na buɗe. Abin da ya miƙe tsaye wata tsohuwa ce a kan tsintsiyar kaba. Ta cire mata doguwar hular nan mai tsini ta mayyar Bature, ta sa mata kallabi da ya zame ya bar furfura a waje. Ɗaurin ƙirji ta yi, haƙora biyu ne kacal a bakin ta, jajaye da goro, idanu ja wur, da ƙwarya a hannu, har da 'yar tsaga a kumatu. Wallahi, mai karatu, sai da gaba na ya faɗi, domin na san fuskar nan. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san ta.

Muna cikin haka Kawu ya shigo. Da ya ji bayani sai ya ce, "Wannan ai bikin matsafa ne. Ke, tattara su ki kai murhu." Wata ƙawar ta da ke taya ta yankan kwali ta yi ƙasa da murya ta ce ai wasa ne kawai, zane ne a takarda, wa zai cutar? Tun ranar na ke juya maganar, kuma abin da na gano shi ne daga Kawu har ƙawar babu wanda ya taɓa inda ciwon ya ke. Mu 'yan fim da masu sharhin fim mu ne ya kamata mu tsargu, shi ya sa na kawo zancen wannan shafi.

Bari mu fara da mayyar Bature. Shi bikin Halowin tushen sa wani tsohon bikin ƙarshen girbi ne na mutanen Ailan da Sikotilan, daga baya ya haɗe da jajibirin ranar tunawa da waliyyai ta Kirista, wadda ake yi ran 1 ga Nuwamba. 'Yan Ailan da yunwar shekarun 1840 ta koro su ne su ka yaɗa shi a Amurka. A gida wani tushe mai kamar gwaza su ke fafewa su sa fitila a ciki; da su ka je can su ka ga kabewa ta fi girma da sauƙin fafewa, sai su ka koma kan ta. Katin gaisuwar Kirsimeti na sayarwa kuma a Landan aka fara buga shi a 1843. A farkon ƙarni na 20 aka yi yayin katin Halowin a Amurka, da mayya a kan tsintsiya da kyanwar ta. Amma ka san koriyar fuskar nan da kowa ya ɗauka haka mayya ta ke tun fil azal? Fim ne ya yi ta. A 1939 aka fitar da *The Wizard of Oz*, su na so su nuna gwanintar sabuwar fasahar kala, sai su ka shafa wa 'yar wasa Margaret Hamilton koren fenti. A littafin da aka ciro labarin, na 1900, mayyar ba koriya ba ce. Fim guda ɗaya ya sa wa mayya fuska, yau shekara tamanin da ɗoriya ita yara ke zanawa. A riƙe wannan, za mu dawo kan sa.

To me ya sa Bature ya ke iya wasa da mayya, ya manna ta a kati ya aika wa kakar sa, ita ma ta yi dariya? Saboda ya riga ya gama kashe nasa mayun, ya dawo ya yi nadama. Daga wajen 1450 zuwa 1750 masana tarihi sun ƙiyasta an kashe mutum dubu 40 zuwa dubu 60 a Turai da sunan maita, akasarin su mata. A garin Salem na Amurka, a 1692, an rataye mutum 19, aka danne wani dattijo da duwatsu har ya mutu. A 1735 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta daina hukunta mutum a matsayin maye. A 2022 shugabar gwamnatin Sikotilan ta wancan lokaci, Nicola Sturgeon, ta fito ta nemi gafara a hukumance a kan waɗanda aka kashe ɗaruruwan shekaru da su ka wuce. Kenan mayyar da ke jikin katin su fatar kura ce da aka jeme aka shimfiɗa a ɗaki. Babu wata tsohuwa a Amurka da za ta kwana da fargabar maƙwabta saboda wani yaro ya zana mace mai koriyar fuska.

Mu fa? Tamu kurar da ran ta.

A watan Fabrairun 2025 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa ta hanyar rataya. Laifin su, a 2023 sun bi wata tsohuwa mai shekara 67 har gonar ta a ƙauyen Daɗin Kowa, a yankin Wudil, su ka kashe ta. Hujjar su? Matar ɗaya daga cikin su ba ta da lafiya, ta yi mafarki tsohuwar na bin ta da wuƙa. Mafarki, jama'a! A Gana, cikin Yulin 2020, an yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 dukan da ya kashe ta a garin Kafaba, da rana tsaka, mutane sun kewaye su na kallo, wani ma na ɗauka a waya. A arewacin ƙasar akwai sansanoni irin na Gambaga inda matan da aka kora daga garuruwan su da sunan maita ke zaman gudun hijira har su mutu. Abin ya kai a 2021 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri na musamman a kan zargin maita. Mu nan gida tun tuni sashe na 216 na tsohuwar dokar Penal Code ta Arewa ya mai da jifan mutum da maita laifi. Mutum nawa su ka san da haka a layin ku?

Ba sai na je Wudil ba ma. Ina yaro akwai wata tsohuwa a layin mu mai sai da daddawa da kuka. Ba zan faɗi sunan ta ba, jikokin 'yan'uwan ta na nan. An hana mu sayen kayan ta, an hana mu karɓar ko da alewa daga hannun ta. In za mu wuce ƙofar ta sai mu ruga a guje mu na cewa "kurwa ta kur". An ce ta na da ƙanƙara a ciki, an ce a nono ta sha. Watarana wani yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, ya na sambatu ya ambaci sunan ta, aka je aka fito da ita aka ce sai ta tsallake shi. Ina tsaye a bayan zanen inna ta ina leƙe. Abin da na fi tunawa shi ne ba ta yi musu ba, ba ta yi kuka ba, ta dai tsallaka ta ɗauki takalmin ta a hannu ta koma. Yaron ya warke bayan an kai shi asibiti an yi masa allurar zazzaɓin sauro, amma a unguwa aka ce tsallakawar ce. Sai da na girma na haɗa lissafin: mijin ta ya rasu, 'ya'yan ta uku duk sun rasu tun su na ƙanana, ba ta da ɗa namiji da zai tsaya a ƙofar gida ya ce wa mutane kul. Ta na magana ita kaɗai, abin da yau likita zai kira ruɗewar tsufa. Ita ce na gani a katin ƙanwa ta, wadda ba a ma haife ta ba lokacin da tsohuwar ta rasu.

To a ina ta samo fuskar? Na tambaye ta. Ta ce, "Haba Yaya, ai haka su ke a fim."

Nan ne inda na ke so 'yan'uwa na furodusoshi da daraktoci su tsaya su saurara. Tun daga *Turmin Danya* a 1990 zuwa finafinai masu dogon zango da ake sakawa a YouTube yau, mun canza kyamara, mun canza sutura, mun tashi daga kaset zuwa faifai zuwa waya. Abu biyu ne ba mu taɓa canzawa ba: boka da mayya. Boka dai kun san shi, jan ƙyalle, ƙahoni, hayaƙi, da dariyar nan mai amsa-kuwwa da ba ta ƙarewa. Shi aƙalla sana'a ce ya zaɓa, ya kafa bukka, ya na karɓar kuɗi. Wanda ya je wurin sa da ƙafar sa ya je. Mayya kuwa ba ta zaɓi komai ba. In labari ya buƙaci mayya, sai a nemo dattijuwar 'yar wasa, a shafa mata gawayi a ido, a ɓata mata haƙora, a sa mata tsumma, a zaunar da ita a zauren da ya rushe. Ba ka taɓa ganin ta a gidan sama da mota a ƙofa. Kullum talaka ce, kullum ita kaɗai, kullum mai 'yar sana'ar ƙofar gida. Wato duk alamomin da unguwa ke bi ta zaɓi wadda za ta zarga, su mu ka tattara mu ka mai da su kayan wasa.

Kuma abin da ya fi damu na ba kwalliyar ba ce, tsarin labarin ne. Duba yadda ya ke tafiya. Yarinya ta kamu da ciwo. Asibiti ya kasa. Wani ya ce ya na zargin tsohuwa. Sai a sami mutum ɗaya mai hankali, galibi ɗan boko, ya ce a bi a hankali, babu hujja. Daga nan sai kyamara ta ɗauke mu cikin dare ta kai mu ɗakin tsohuwar, mu gan ta da idon mu ta na lasar baki a kan kurwar da ta kife da ƙwarya. Shi kenan, an gama da ɗan boko. Mai kallo ya riga ya ga abin da babu wani ɗan'adam da ya taɓa gani a zahiri: hujja. A rayuwa abin da ake da shi mafarki ne, da sambatun mai zazzaɓi, da "an ce". Fim sai ya zo ya cike gurbin, ya ce wa mai kallo zaton ka daidai ne, wanda ya ce a yi bincike shi ne wawa. A ƙarshe a taru a kan ta da sanduna, a sa kiɗan nasara, a rubuta "Alhamdulillah". Yaron da ya kalli wannan sau hamsin kafin ya balaga, ran da aka ce ga mayya a layin su, wane ɓangare ka ke jin zai tsaya?

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta a wurin ɗaukar fim. Za a ce fim madubi ne, abin da ke cikin al'umma mu ke nunawa. To madubin da ke nuna kurwa a ƙarƙashin ƙwarya a wace kasuwa ake sai da shi? In da madubi ne, da ya nuna abin da kowa ya gani da ido: taron ƙarti a kan mace ɗaya. Za a ce faɗakarwa mu ke yi. Wa aka faɗakar, a kan me? Za a kuma ce, kai yanzu ƙaryata sihiri ka ke yi? Ban ƙaryata ba, kuma wannan fagen malamai ne, ba na mai sharhin fim ba. Amma samuwar sihiri a duniya daban, cewa wance 'yar wane ita ce ta kama kurwar ɗan ka daban. Na biyun zargi ne a kan mutum mai rai, kuma addinin da mu ke tinƙaho da shi a farkon kowane fim ya yi kashedi a kan zato a cikin Suratul Hujurat, bai kuma san mafarki a matsayin shaida a gaban alƙali ba.

In wani na ganin fim bai kai ya yi ɓarna irin wannan ba, ya tambayi mutanen Kudu. A 1999 aka fitar da *End of the Wicked* na Helen Ukpabio, inda aka nuna ƙananan yara na fita daga jikin su da dare su na zuwa taron mayu. Masu kare haƙƙin yara sun daɗe su na danganta irin wannan fim da yadda aka riƙa korar yara da azabtar da su a Akwa Ibom da Kuros Riba, abin da wani shirin talbijin na Birtaniya ya fallasa wa duniya a 2008. Mu ba mu taɓa zama mun yi wa kan mu wannan hisabin ba. Tun 2001 da aka kafa hukumar tace finafinai a Kano, muhawarar mu gaba ɗaya a kan rawa da waƙa ta ke, da tsawon mayafi, da ko namiji ya taɓa hannun mace. Ni kai na na cika shafuka a kan waɗannan. Ba na tuna ranar da na rubuta layi ɗaya a kan tsohuwar da aka jefe da duwatsu a ƙarshen fim, alhali na kalla, na ba fim ɗin maki, na yabi hoto da sauti. Don haka ba daga kan tudu na ke magana ba.

Wai kuma a ce labarin ba zai yi armashi ba in ba a tabbatar da maitar ba. Wanda ya faɗi haka bai kalli *Yaaba* ba. Idrissa Ouédraogo na Burkina Faso ne ya yi shi a 1989, a ƙauyen da in ka cire yaren za ka rantse a bayan Giwa ko Soba aka ɗauka. Wata tsohuwa ce, Sana, gari ya kore ta gefe da sunan maita. Wani yaro, Bila, ya saba da ita, ya na kai mata abinci a ɓoye, ya na kiran ta Yaaba, wato kaka. Da 'yar'uwar sa Nopoko ta kwanta ciwo, sai gari ya ce tsohuwar ce, aka ƙone mata bukka. Ita kuwa a lokacin ta na kan hanya, ta tafi neman maganin da ya ceci yarinyar. Babu hayaƙi, babu dariya mai amsa-kuwwa, amma akwai tsoro a fim ɗin, tsoron mutanen gari. Ya sami kyautar masu sharhi a bikin Cannes. A 2017 Rungano Nyoni ta yi *I Am Not a Witch* a Zambiya, kan wata ƙaramar yarinya da aka kai sansanin mayu aka ɗaura mata dogon ƙyalle a baya don kada ta tashi sama. Ka yi dariya, ka dawo ka ji kunyar dariyar. Hatta Amurkawa sun koma kan koriyar mayyar su: a *Wicked* na 2024 an ba da labarin daga ɓangaren ta, kuma Cynthia Erivo, wadda iyayen ta 'yan Nijeriya ne, ita ta fito a matsayin. Mu da mu ka kwafi rawar Indiya har da girgiza kafaɗa, me ya hana mu kwafar wannan?

Yanzu in koma kan Kawu. Ni ma ba na bikin Halowin, ba na kuma kiran kowa ya yi, kuma ban ga alamar zai taɓa shigowa ta Ƙofar Doka balle ya iso tamu ƙofar ba. Amma da ƙanwa ta ta bi umarnin sa ta kai katunan murhu, me aka ƙona? Jemage da kabewa. Fuskar tsohuwar ba daga Amurka ta zo ba, a gida aka haife ta, da ta na nan daram a cikin kan yarinyar da cikin wayar kowa. Mun iya hango baƙon abu tun daga nesa mu yi masa ca, amma mugun abin da ya ke namu sai mu kira shi al'ada. Ita kuma ƙawar da ta ce zane ne kawai, ta manta katin ba a Landan za a buɗe shi ba. A Samaru za a buɗe shi, a yi dariya, a ɗauki hoto a watsa, wani ya rubuta a ƙasa cewa wallahi kamar wance ta layin su.

Ni ma sai da na janye wata magana tawa. Na daɗe ina wa'azin a mai da komai na gida, kamar dai hakan kaɗai ya isa. A nan Zariya aka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda su ka ƙi yarda su zama 'yan kwafar Turawa, su ka ce a haɗa fasahar waje da ta gida. Amma su zaɓe su ka yi, ba kwasar karan mahaukaciya ba. Ba kowane abu ne ke yin kyau in an sa masa kallabi ba.

Kuma abin zaɓa bai ƙare mana ba. Lokacin da Bature ke zana jajayen ganyaye na zuba, mu a nan kaka ce: an yanke gero, dawa ta sunkuya, barkono ya yi ja a shanya a bakin titi, kabewa ta nuna a kan danga ta na jiran miyar taushe, iskar hunturu ta fara leƙowa da asuba. Ga dagi da sauran zanen da magina su ka bari a bangayen birni, ga aska takwas a wuyan riga, wadda har gobe ake ɗinkawa da hannu a zaurukan cikin gari. In kuma abin tsoro ake so, wa ya kai mu? Ga Dodo, ga kura da dare, ga mujiya a kan kuka, ga tsamiyar da ba a bi ta ƙarƙashin ta da tsakar rana, ga fatalwa, ga Gizo da makircin sa. Yara su shafa fuska su bi gida-gida a ba su ɗan abu kuwa, mun daɗe mu na yi da tashe cikin azumi. Duk waɗannan za su tsorata yaro ya ƙanƙame uwar sa, amma Dodo ba ya da ɗaki a layin kowa, ba a taɓa fito da shi tsakar rana an ce ya tsallake marar lafiya ba.

Haka na faɗa wa ƙanwa ta a daren, bayan Kawu ya tafi masallaci, na kuma ba ta labarin mai daddawa, wanda ba ta taɓa ji ba. Ba ta ji daɗi ba, don kati shida ta riga ta yi da tsohuwar, kwana biyu ta na aikin su. Ta ce, "To Yaya, kai za ka biya ni kuɗin kwalin?" Na ce na ji. Ta ɓamɓare biyar, ta maye gurbin da mujiya da wani Dodo mai gashin zaren buhu wanda ni kai na ba zan so in gamu da shi a lungu ba. Masu hular tsini da koriyar fuska kuwa na ce wannan tsakanin ta da Kawu ne.

Da ta kai aikin Samaru, ɗaya daga cikin ɗaliban ta yi ƙorafi, wai ita mayyar Hausan da ta gani a hoto ita ta fi so, ita ce abin dariyar. Ta ƙi karɓar kati uku. Su ma ni na biya. Na shidan, wanda aka fara miƙo mani, ya na cikin jakar da na ke zuwa wurin ɗaukar fim da ita, kuma duk daraktan da na tarar ya aika a nemo gawayi don fuskar wata dattijuwa, zan buɗe masa shi in tambaye shi kakar wa ya ke shirin zanawa.